Wayar da Ba Ta da Dangi

Shekara goma sha tara muka yi muna sallar asuba a sahu ɗaya ni da abokina Bazazzagi, a wani ƙaramin masallaci da ke bayan kasuwar Mile One a Fatakwal. Ni wake nake sayarwa da gero da busasshen barkono. Shi kuwa gadin rana yake yi a harabar wani kamfani mai gyaran injinan haƙar mai. Ɗakunanmu suna kallon juna a wani gidan haya a Diobu, matanmu suna shanya a igiya ɗaya. Tun ranar da ya ji ni Bakano ne bai ƙara kirana da sunana ba, ni ma ban raga masa ba.

Dukanmu mun bar allo da wuri muka gangaro kudu neman abinci. Muna iya karatun sallah, amma abin da ya wuce nan sai dai mu yi shiru. Wata rana bayan azahar wani baƙo ya yi rafkanuwa a sallarsa, ya juyo ya tambaye mu ko kafin sallama zai yi sujada ko bayanta, don ya ga furfura a gemunmu. Na dubi abokina, ya dubi tabarma. A hanyar gida bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, sai da muka kai ƙofa ya ce mun tsufa a banza.

A cikin watannin nan ne wani injiniya da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu ya bar masa waya. Ban taɓa ganin irinta ba, har yau kuma ban sake gani ba. Kauri gare ta kamar sabulun wanki biyu a haɗe, an lulluɓe ta da baƙar roba da ratsin rawaya. An ce don masu aiki a tsakiyar teku aka yi ta, ruwa ba ya shiga, faɗuwa ba ta yi mata komai. Ko ramin sa waya babu a jikinta. Wata 'yar kujera ake ɗora ta a kai ta yi caji ta wasu ƙusoshi biyu na tagulla. Wani akawu Bayarabe Musulmi a kamfanin shi ya sa masa manhajar karatun addini a ciki, ya buɗe masa asusu da wani imel da ya ƙirƙira nan take, ya rubuta kalmar sirrin a bayan takardar biredi. Takardar ba ta kwana uku ba ta ɓace. Akawun ma daga baya aka mayar da shi wani gari.

Manhajar tana da sauƙi. Littattafan fiƙihu ne da Larabci, in ka taɓa layi sai wani malami ya karanta ya fassara da Hausa. A ƙarƙashin kowane layi akwai wurin da za ka rubuta abin da ka fahimta, ko ka danna ka faɗa da baki ta ajiye maka. Shekara biyu muna zama a barandar masallaci bayan asuba, kai biyu a kan waya ɗaya, kafin motocin kaya su fara shigowa kasuwa. Layi uku ko huɗu muke yi a rana. Wani lokaci gardama ce take cinye lokacin gaba ɗaya.

Sai ciwon suga ya buɗe masa miki a ƙafa, ya ƙi warkewa. 'Ya'yansa suka matsa sai ya koma gida, wani ƙauye a gabas da Zariya. Ranar tafiya na raka su tasha. An gama ɗaure kaya, direba yana ta danna ham, ya zaro wayar da kujerarta daga aljihun babbar riga ya danƙa mini.

"Riƙe, Bakano," ya ce. "Na san in an bar ka ba za ka sayi abin da ba a samun riba a kansa ba."

Na sa su a aljihu, motar ta tashi.

Can gida babbar 'yarsa ta saya masa waya irin ta kowa, ta sa masa manhajar, ta kuma gano akwai yadda ake haɗa mutum biyu su zama abokan karatu. Ta kira ni ta yi ta faɗa mini inda zan danna har abin ya haɗu. Daga ranar, duk safiya in na buɗe sai in ga koren ɗigo a layin da ya tsaya, da muryarsa a ƙarƙashi.

Dole in faɗi wani hali nasa, in ba haka ba ba za a gane abin da ya dame ni daga baya ba. Abokina ba ya iya hira a waya. In ka kira shi, gaisuwa ce kamar a gaban hakimi: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, to madalla, a gaida mutan gida. Ya kashe. Amma a ƙarƙashin layukan nan bakinsa yakan buɗe. Zai fara da mas'alar, ya ce malamin ya yi sauri a nan, ko ya ce Bakano ba zai taɓa gane wannan ba sai an kwatanta masa da mudu. Daga nan sai ya zarce. Masararsa ta yi bunni. An wanke masa ƙafa jiya, ya ji jiki. Wane da muka sani a Diobu ya rasu a garinsu, ya je gaisuwa a kan babur. Ina jin zakaru a bayansa, da luguden mata, da wata akuya da na san kukanta kamar tawa. Wata rana ya ce ya yi mafarkin ruwan Fatakwal, irin wanda yake kwana uku bai ɗauke ba, ya farka ya ji ƙauyen ya yi masa tsit. Ni ma nakan ba shi labarin kasuwa, wa ya tashi, wa ya zo, wace rumfa ce ta yi yoyo. Shekara biyu muka yi a haka, muka gama littafi na biyu muka shiga na uku.

Muna tsakiyar babin azumi, wata safiya cikin damina, na buɗe manhajar sai wani farin akwati ya tare fuskar wayar. Ya ce an fitar da sabuwa, sai na sabunta kafin in ci gaba. Maɓalli ɗaya ne a ƙasa. Na danna, wayar ta yi ɗan tunani, ta ce ba ta da inda za ta kai ni. Ashe rumbun da sauran wayoyi ke ɗauko manhajoji babu shi a cikinta sam. Na kashe na kunna. Na cire layin wayar na mayar. Na bar ta a kan buhun gero har azahar ko za ta huce. Akwatin yana nan.

Na fara da wani ɗan'uwanmu Bahaushe da ke sayar da caja a bakin kasuwa, yana kuma tura wa mutane karatu da wa'azi. Ya ce abu mai sauƙi ne. Ya sauko da sabuwar manhajar daga intanet a tasa wayar, ya tura wa tawa. Aka danna, ta fara shiga, layin ya kai rabi, ta ce ba ta shiga ba. Ya nemo wata daga wani shafin, ita ma haka. Ya ce to matsalar tsohuwar ce ta tare wuri, bari ya goge ta. Yatsansa yana kan hanya na fizge wayar, har mutanen da ke wurin suka juyo. Na tambaye shi in an goge, abin da ke ƙarƙashin layukan fa? Ya ce wallahi bai sani ba. Na gode masa da ya faɗi gaskiya, na tafi.

Uwargidana tun ranar farko ta ce in sayi wata wayar in huta. Na yi mata bayani cewa ba ni da kalmar sirrin asusun, kuma karatun shekara huɗu yana cikin wannan, da muryar mutumin da ta sha tuwon matarsa. Ta ce ta ji, ta ci gaba da tsinke alayyahu.

Wani mai nama ne ya kwatanta mini wata mata Inyamura a Rumuokoro, ya ce duk wayar da ta gagari maza ita ake kai wa. Na rufe rumfa da wuri na hau bas. Shagonta ɗan ƙarami ne a bayan tasha, teburi ɗaya da fitila da madubin ƙara girma. Ta juya wayar gaba da baya, ta nemi sunan kamfanin a kwamfutarta, ta daɗe tana karantawa. Sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam, dis phone no get family," ta ce.

Wato wayar ba ta da dangi a ƙasar nan. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla, yadda ba wanda ya taɓa yi mini. Ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da wayar tsohuwa ce, sabuwar manhajar kuma ba ta hawa sai kan wadda ta fi ta sabunta. Kamfanin da ya ƙera ta ya kulle ta don kada ma'aikata su yi wasa da ita, kuma ya daina aiko mata da gyara tuntuni. Ko an goge tsohuwar manhajar, sabuwar ba za ta shiga ba, sai dai in tashi a tutar babu. Na tuna yatsan mai caja, na dafe kai.

Ganin yadda na yi, sai ta karɓi wayar ta sake, ta ja fuskar ƙasa ta danna alamar jirgin sama, ta buɗe manhajar. Akwatin bai fito ba. Littafin ya buɗe a babin azumi, ga koren ɗigon nan inda yake. Ta ce muddin wayar ba ta taɓa intanet ba, manhajar ba za ta san an yi sabuwa ba. Zan iya karanta tsohon, in saurari abin da ke ciki, amma babu abin da zai shigo, babu abin da zai fita. Na danna muryar ƙarshe a nan cikin shagonta. Yana cewa an fara ganin tsutsa a masara, ya ce gobe in Allah ya kai mu zai faɗa mini abin da malamin garinsu ya ce a kan azumin matafiyi. Matar ba ta jin Hausa, amma ta rage ƙarar rediyonta har ya gama.

Na tambaye ta ko akwai yadda za a kwashe muryoyin a ajiye wani wuri. Ta ce sai an haɗa wayar da kwamfuta, kuma kujerar da nake da ita ta caji ce kawai. Akwai wata mai ƙusoshi biyar. In akwai ta a Najeriya, a Anacha take.

Na bar wa maƙwabcina rumfa na bi wata motar da ta sauke albasa za ta koma. A Anacha na sauka wurin ɗan baffana da ke sayar da goro a unguwar Hausawa kusa da gada. Kwana biyu muna ratsa layukan masu kayan lantarki, ni da shi, ina riƙe da wayar kamar mai neman ɓataccen yaro da hoto. Wasu su yi dariya, wasu su tambaya ko ta soja ce. Wani ya so ya saya don ya sa a gilashi. A rana ta biyu da la'asar aka nuna mana wani tsoho da ke sayen tarkacen kamfanoni. Ya tona wani buhu har gwiwar hannunsa, ya fito da ita, ƙusoshi biyar, ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Na ji kamar in rungume shi.

A wurin aka samu mai kwamfuta ya haɗa. Kwamfutar ta ga wayar, har ta yi 'yar ƙara. Amma hotuna kawai ta nuna, guda bakwai, duk na ƙofar kamfanin, waɗanda abokina ya ɗauka bisa kuskure, da babban yatsansa a gefe. Wurin da manhajar ke ajiye kayanta a kulle yake. Mai kwamfutar ya ce zai iya fasa makullin, amma fasawar tana share duk abin da ke ciki. Ɗan baffana ya ce ya ji labarin wani gwani a Inugu. Na ce masa na gaji. Na karɓi hotunan bakwai dai, aka buga mini ɗaya a takarda.

Da na dawo, matar Rumuokoro ta taimaka mini muka rubuta wa masu manhajar. Bayan mako biyu amsa ta zo da ladabi da addu'a. Sun ce sun daina kula da tsohuwar. In na shiga asusuna a sabuwar waya zan tarar da inda na tsaya, amma muryoyi a tsohon tsari a jikin waya kawai ake ajiye su, ba su da kwafi. Matar ta tambaye ni ko abokina yana da nasa a can. Na kira 'yarsa, ta ce ranar da ta sabunta masa komai na baya ya tafi, ba ta ma faɗa masa ba.

Haka na yi wata uku. Kullum da safe nakan zauna a barandar masallaci in danna alamar jirgi in saurari tsofaffin. Na koma har farkon tafiyarsa, lokacin da muryarsa ke da ƙarfi yana cewa wata shida zai yi ya dawo. Wasu na saurare su har na haddace inda zai yi tari. Nakan kira shi ranar Juma'a, mu gaisa, ya tambayi ruwa, in tambayi ƙafa, ya ce da sauƙi. Ban taɓa tambayarsa karatu ba, don kunya nake ji.

Wata Juma'a, har ya ce a gaida mutan gida, na yi ta maza na tambaye shi ina ya kai yanzu.

"Ina nan inda ka bar ni," ya ce.

Na ce ai da ya ci gaba, tasa wayar lafiya lau take.

"Da wa?" ya ce. Ya kashe.

Uwargida tana kusa, ta ji. Can ta kawo mini abinci. Ta ajiye kwanon, ta ce, "Malam, mutumin nan fa da ransa. Kai kana nan kana sauraron na bara, shi yana can yana jiranka." Ta fita abinta.

Ranar Litinin na koma Rumuokoro na sayi waya irin ta kowa, siririya, mai santsi, ina tsoron riƙe ta. Matar ta sa mini manhajar cikin minti biyar. Abin ya ba ni haushi, saurin nan. Ta buɗe mini sabon asusu, na sa ta rubuta kalmar sirrin da manyan baƙaƙe, na kai wa uwargida ta adana a cikin akwatinta. Littafin ya buɗe a shafin farko, fari tas, kamar ban taɓa karanta komai ba. Na yi ta ja da yatsa har na kai babin azumi.

Haɗawar ma sai da ta ɗauki lokaci. Sabon tsarin yana turo wasu lambobi da sai ɗaya ɓangaren ya shigar cikin minti kaɗan, abokina kuwa ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu. 'Yarsa tana aure a Kaduna, sai ƙarshen wata take zuwa. Muka jira kwana goma sha takwas. Ranar da ta zo, tana can tana karanto mini, ina nan ina dannawa, sau biyu lokaci yana ƙure mana. A na uku ya kama.

Washegari bayan asuba na buɗe. Akwai saƙo. Muryarsa ta yi ƙasa fiye da yadda na san ta, numfashi yana shiga tsakanin kalmomi. Ya ce Bakano ya yi asara ya sayi waya, lallai za a yi ruwa da ƙanƙara. Sannan ya ɗauko zancen matafiyi daidai inda ya ajiye shi wata huɗu baya. Yana tsakiyar faɗin abin da malamin garinsu ya ce, muryar ta yanke. Sabuwar manhajar minti ɗaya kawai take ba mutum. Bai sani ba, na tabbata ya ci gaba da magana shi kaɗai a zaurensa har ya gama.

Na koya masa ya riƙa yi gutsure-gutsure, amma bai saba ba. Yanzu mas'alar kawai yake faɗa, da ɗan abin da ya samu ya shiga. Labarin gona da na mutane ya ragu. Wasu ranakun ma ba ya turowa, in ƙafar ta hana shi barci. An ce likita ya fara zancen yanke yatsu biyu.

Tsofaffin muryoyin kuwa, dabarar ƙarshe da matar nan ta ba ni ita ce ta ƙauye: in kunna a tsohuwar waya, in kara sabuwar a bakinta ta ɗauka. Nakan yi uku ko huɗu da rana in kasuwa ta lafa. Sai dai komai yana shiga ciki, ham ɗin keke, masu tallan kifi, ni kaina ina cewa wata mata mudu nawa take so. Batirin tsohuwar ya fara kumbura, bayanta ya ɗago, ba ta zama daidai a kujerarta sai na danne da dutsen awo. Na kwashe kusan rabi. Ban sani ba ko za ta kai ni ƙarshe.

Na yi niyyar zuwa in gan shi da kaka, in sabon wake ya fito, tunda dama sai na je arewa saye. Na faɗa masa. Ya ce in taho masa da bandar kifi da manja na gaske, ba irin wanda ake sayar musu a can ba, kuma in tsaya a ƙofar tsohon kamfaninsu in duba ko bishiyar mangwaron da ya dasa tana nan. Na je na duba. Tana nan, ta wuce katanga. Mai gadin yanzu bai san wanda ya dasa ta ba.

Mun gama azumi, mun gama zakka. Makon jiya muka shiga babin aikin hajji. Ni da shi babu wanda ya taɓa zuwa, kuma dukanmu mun san shekarunmu da abin da ke aljihunmu. Na ce masa ko mu yi sauri mu wuce shi tunda ba yanzu ba. Ya turo da safe ya ce a'a, layi ɗaya-ɗaya za mu riƙa yi, yana so ya ji sunan kowane wuri da kyau.